Akwatuna Biyar Baƙaƙe

Da ƙarfe tara na safe Shugaba ta buɗe taron a teburin cin abinci, bayan ta ture kofunan yara gefe. Akwatuna biyar suka bayyana a allon kwamfutarta, baƙaƙe kamar kullum: Dogo, Mai Jego, Tsoho, Auta da Ɗan Gayu, ma'aikatanta masu amsa ƙorafin masu saye, kowa daga gidansa.

Yau akwai na shida: mai kamfani. Amsoshi sun yi ta jinkiri, kuma ya ce in bai gamsu ba, zai rufe sashen, da ita a ciki.

Ita ta kafa dokar tun zuwanta: a kashe kyamara, a rufe makirufo, taro ba hira ba ne. Wanda ya gane ya danna alamar babban yatsa. Ba ta taɓa kiran ɗayansu ta ji ya gida ba. Ko da Mai Jego ta haihu, saƙo ɗaya ta tura: yaushe za ki dawo?

“Kun ji bayanin?” ta tambaya.

Yatsu suka fito, ɗaya bayan ɗaya, a jere, yadda suka saba.

“Ni ba yatsa na zo gani ba,” in ji mai kamfani. “Su buɗe mu gaisa.”

Babu akwatin da ya buɗe. Shugaba ta matso kusa da allon.

“Ba ku ji Yallaɓai ba ne? Kowa ya buɗe!”

Akwatin Dogo ya yi haske. Ya rame, idanunsa sun yi jajir, labule shuɗi a bayansa.

“Ina kwana, Yallaɓai. Shugaba, ashe haka kike.”

“Bar surutu. Sauran fa? Mai Jego! Tsoho! Ni za ku kunyata?”

“A yi haƙuri, Shugaba,” in ji Dogo. “A hankali. Hannuna biyu ne.”

Ya miƙe, ya fice daga hoton. Ta ji an ja kujera.

Akwatin Mai Jego ya buɗe, sai na Tsoho, sai na Auta, sai na Ɗan Gayu, duk da labule shuɗi, duk Dogo ne ke leƙowa: sauran huɗun sun daɗe da kama aiki wani wuri sun jibge masa kwamfutocinsu, ita kuwa wata da watanni mutum ɗaya take shugabanta.