Kicin Daidai Tsayin Inna

"Inna, miƙa hannu mu gani," in ji Yaya. "Auta, sa alama."

Na ja layi a bango daidai inda yatsunta suka tsaya. Ni ne kafintan sabon gidansa, kuma ya ce komai na kicin sai ya dace da Inna. Murhu kusa da taga saboda tarinta. Wurin wanke-wanke daidai ƙugunta, kada ta sunkuya.

Bakin Inna ya ƙi rufuwa. Shekara da shekaru tana girki a tsugune, yau ɗanta ya tuna da ita. Har da tsokanata: "Ka ga amfanin karatu, sarkin gudun makaranta?"

Na shiga ɗan ɗakin da ke jikin kicin, marar taga, na fara auna inda buhuna za su zauna.

Matar Yaya ta leƙo. "Wa ya ce maka sito ne? Bar wurin katifa, ɗakin mai aiki ne."

"Ba kun sallami mai aikin ba, Anti?"

"To don me kake tsammani aka auna Inna?"

Na dubi Yaya, ya kau da kai. Daga kicin ina jiyo Inna tana ta sa masa albarka.