Shirun da Ke Tsakiyar Kiɗan Uwais

"Malam, don Allah ka huta haka nan. Yatsun da suka saba da fartanya ina za su iya wannan?"

Malam Kassimu bai ɗago ya dubi matarsa Ikilima ba. Tun da ɗansu Uwais ya rasu, kullum ya dawo daga gona sai ya ɗauki jitar yaron, ya kara waya a kunne, yana koyon wani kiɗa da marigayin ya naɗa. Ikilima ba ta taɓa iya sauraron wayar ba. Ta dai gaji da jin babban yatsa yana tafiya, sauran suna tuntuɓe.

Bayan girbi ya kira ta. Ya kaɗa tiryan-tiryan, a tsakiya ya tsaya cak, ya ja numfashi uku, sannan ya ci gaba ƙasa-ƙasa.

"Nan ya fi ba ni wuya. Ko me ya sa ya yi shiru a nan?"

Ta sulale ta zauna a bakin ƙofa.

"Shirun ba na kiɗan ba ne, Malam. Ni ce na leƙo na harare shi, wai ya dame ni. Sake kaɗawa, don Allah. Kada ka tsaya."