Sharhin da Bai Wuce Shafin Farko Ba

Ƙanwata, kin ce in rubuta miki sharhi a kan littafinki ko ban karanta ba, layi uku kawai, ke ma ki rama mini. Ajiye wayar nan tukuna, ki ji wani misali.

An yi wasu mata biyu a wani zauren marubuta na waya. Al'adar zauren ita ce cuɗe ni in cuɗe ki: wadda ta gama littafi sai ta nemi abokiyar musaya, kowacce ta karanta na 'yar'uwarta, ta rubuta sharhi a gaban jama'a. Ta farkon shahararriya ce, littafi goma sha ɗaya ta saki, yatsunta ba sa hutawa. Ta biyun malamar firamare ce marar yawan magana, amma in ta karɓi littafinki sai ta bi shi layi-layi, ta gaya miki inda kika sa ta kuka, da inda kika manta kin kashe kakar tauraruwa kika dawo da ita tana tuƙa tuwo. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma shekara uku malamar tana yi wa shahararriyar wannan hidima, ba ta nemi a rama mata ba, don ba ta da littafi. Sai ta yi shiru wata takwas, ba wanda ya tambayi ko lafiya. Da ta dawo, ta turo littafinta na farko, shafi talatin kacal, ta ce wa ƙawar: "Ke nake so ki fara karantawa." Shahararriya ta buɗe shafin farko, ta ga wata yarinya 'yar shekara shida ta zura takalmin uwarta mai tsini tana ƙwas-ƙwas a tsakar gida, ana ta dariya. Ta ce a ranta ai ta gane inda aka dosa. Ta rufe, ta koma kan nata rubutun. Washegari ta zuba sharhi a zaure, irin wanda hannunta ya saba: alƙalami ya yi zaƙi, ta yi dariya har cikinta ya ƙulle, kuma ta ƙosa a fitar da littafi na biyu ta ga ranar da yarinyar nan mai rigima za ta girma ta saka nata takalmin. Sauran 'yan zauren, da yake su ma ba karantawa suke yi ba, suka bi ta da hotunan dariya reras.

Wallahi duk sanda na zo nan a labarin raina ɓaci yake. Yarinyar nan 'yar malamar ce ta cikinta. Ciwon sikila ne ya ɗauke ta, shirun wata takwas ɗin jinya ce da zaman makoki, kuma sauran shafi ashirin da ɗaya na littafin, uwa ce zaune da takalmi a cinya. Malamar ba ta yi faɗa ba. Layi ɗaya ta rubuta a ƙarƙashin sharhin: "Ta rasu a shafi na tara." Ta goge littafin, ta fice daga zauren. Shahararriya ta yi ta kira, ta tura ban haƙuri, ta tura ta'aziyya, ko gezau. Da tun farko ta ce ba ta samu sukuni ba a ba ta mako biyu, wa zai ga laifinta? Ba wanda ya sake ganin rubutun malamar ko layi ɗaya. Ita kuwa shahararriya tana nan tana sakin littattafai, yabo na zubo mata ta ko'ina, sai dai ta san yadda ake haɗa shi, tunda da hannunta ta yi. Duk wanda ya ce mata madalla, sai ta hau tunanin a wane shafi ya tsaya. Mutum ɗaya ce take karanta ta da gaske, ita ce kuma ta kora.

To ki turo mini littafin, ki ba ni mako biyu. In ya yi daɗi zan faɗa a gaban kowa, in bai yi ba zan gaya miki daga ni sai ke. Amma yabon abin da ban karanta ba, ba da ni ba. Hausawa sun riga sun gama magana: ramin ƙarya ƙurarre ne.