Katakon Mai Farfesun Tasha

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu ji ta, ko ma ƙaru.

An yi wata mata mai sayar da farfesun kayan ciki a bakin tasha. Sana'ar ta gado ce daga goggonta, wadda tsufa ya cim mata ta koma ƙauye, ta bar mata rumfa da tukunya da masu ciniki, da wani katakon yanka nama na itacen ƙirya mai kaurin yatsu huɗu. Ita kuwa matar nan Allah ya yi ta da tsabta, ko ƙuda ba ta yarda ya sauka a kwanonta. Da ta ga katakon ya yi baƙi wuluk yana sheƙi, sai ta riƙe baki, ta ce a ranta ashe duk shekarun nan a kan dauɗa Goggo ke yanka wa mutane nama. Ta samo soson ƙarfe da garin sabulu ta dirje shi har hannuwanta suka yi ja, ta tsoma shi a baho ya wuni cikin ruwa, sannan ta shanya shi a kan kwanon rumfa rana ta gasa shi. Katako ya fito fari tas, ranta ya yi fari. Daga ranar kullum sai ta yi masa haka.

Ba a rufa wata biyu ba direbobi suka fara yamutsa fuska. Wani tsoho a cikinsu ya kurɓi romo, ya ajiye cokali ya ce, "Uwar ɗaki, wannan hanjin a ƙafa ya tako daga Legas?" Aka kwashe da dariya. Ta ɗanɗana, ta ji da gaske akwai wani ƙarni a ƙasan yajin. Ta canza mahauci, ƙarni yana nan. Ta canza mai kawo mata ruwa, ta ƙwalƙwale tukunya da toka, ta ƙara citta da kanumfari har masu ci suna tari, ƙarni yana nan. Wata maƙwabciya ta ce ta riƙa zuba wa katakon tafasasshen ruwa, ta zuba. Wata ta ce ai wannan baki ne ya kama ta, ta turara rumfa da hayaƙi. Katako kuwa ya soma karkacewa yana rawa a kan tebur, ya yi tsage-tsage kamar fason ƙafa. Ta ga tsagar, ta ce to lallai wanki ne bai isa ba, ta mayar da jiƙon sau biyu a rana. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, duk tashar ba wadda ta kai ta wanke-wanke, kuma ba wadda ake tsallake rumfarta sai ita. Takan zauna ta dubi tukunya, ta dubi hannuwanta, ta shinshina gefen zanenta, ta rasa ta ina abin ke shigowa.

Wata safiya tana saran ƙashi, sai katakon ya rabe biyu. Ta leƙa cikin tsagar ta ga ɓurɓushin nama da kitse na makonni sun cushe sun ruɓe, inda soso ba ya kaiwa. Ta ɗauki ɓarin biyu ta kai wa masassaƙi a kasuwa. Ya juya su, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce, "Baiwar Allah, wa ya tuɓe masa riga? Baƙin nan da kika kankare ai man kaɗe ne, shekara da shekaru ana shafa masa don kada ruwa da jini su shige shi. Katako ba ya son jiƙo, ba ya son rana. A kankare bayan aiki, a goge da gishiri da lemun tsami, a ɗauraye, a tsane, a jingine shi a inuwa. In ya yi fari kuwa, ƙishi yake ji, a ba shi mai."

Ta sayi sabo, ta shafe shi da man kaɗe kamar yadda aka gaya mata, farfesu ya dawo da ƙamshinsa. Amma direbobi sun riga sun tsallaka titi sun saba da wata tukunyar. Ta zauna da murfin tukunya a hannu tana kallon ƙeyoyinsu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Dama Hausawa sun faɗa: garin neman gira, a rasa ido.