Sunan 'Yar Fari

Tun da aka kafa dokar gwajin 'yan shekara uku, duk yaron da ya yi fice sai makarantar kwana ta haziƙai. Hansatu ta zaɓa wa 'yarta makarantar da ke bayan gari, don ita kaɗai ke da ranar ziyara.

Yau shekara guda cif. Ta tsaya da ƙunshin dambun nama gaban ƙofar da ba mai gadi, sai na'ura mai magana.

"Kira sunan 'yarki," in ji ƙofar. "Idan ta gane muryar, zan buɗe."

Hansatu ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, kunya ba ta taɓa barin ta furta sunan ba. "Ke" take ce mata.

Matar da ke bayanta ta taɓa ta. "Baiwar Allah, daure ki faɗa."

Hansatu ta ɗago kai ta ce, "Zuwaira."

Ƙofar ta ce, "An kunna mata muryarki. Ta ce ba ta san mai kiran ba."

Hansatu ta dafa ƙarfen ƙofar. "Don Allah a sake. Ke! Ke, ni ce!"

"Wannan ba suna ba ne," in ji ƙofar. "Mai bi mata ta matso."