Inda Ungozoma Ta Kai Ƙara

"Ke da iliminki?" Abin da yayanta ya fara faɗa ke nan da ungozoma ta gaya masa an kira ta da sunan banki, ta karanto lambar da aka turo mata, asusunta ya koma fayau. Kuɗin aikin idon mahaifiyarsu ne, shekara biyu tana tarawa. Ya ce ta tafi wurin 'yan sanda da ƙafarta. Ta ce ba ta nemi shawararsa ba, ta kashe waya.

Banki suka rufe katin, suka ba ta takarda ta cike, suka ce ta jira. Abokan aikinta suka haɗa mata rabin kuɗin, ta zuba a sabon asusu. Wurin 'yan sanda kuwa, kunya ta hana ta.

Rana ta biyar aka kira ta. Sashen yaƙi da zamba ne, an kama wasu, lambarta na cikin wayarsu. Aka ce ta zo da wayarta da katin shaida.

Ofishin yana bene na biyu, saman wani shagon kayan wuta. An manna tambarin sashen a ƙofa. Mutum shida ta tarar a kujerun roba, kowa ya sunkuyar da kai, babu mai amsa gaisuwar wani.

Jami'in bai ɗago ba da ta shiga. Tebur ɗaya, fanka, da biro.

"Dubu ɗari huɗu da ashirin," ya ce, tun ba ta zauna ba. "Kwaɗayi ko wauta, Hajiya?"

"Ni aka cuta, Yallaɓai."

"Ke kika miƙa wuya. Sau nawa ake faɗa muku kada ku ba kowa lamba? Ku ne kuke ciyar da ɓarayin nan, mu kuma mu kwana ba barci."

Ranta ya yi baƙi, ta danne. A ganinta haka ma'aikacin gaske yake. Ɓarawon da ya kira ta ai bakinsa zuma ne. Ta ba shi ranar, da lokacin, da saƙonnin. Ya rubuta kaɗan. Ya ce wayar za ta kwana a ɗakin bincike, ta buɗe ta, ta rubuta lambobin sirrin wayar da na sabon asusunta a bayan takarda don kada masu binciken su sha wahala.

Ta ɗauki biron, ta sake ajiye shi.

"In ba ki so, ga ƙofa," ya ce. "Akwai masu jira."

Ta rubuta.

A hanya ta ari wayar wata mata ta kira yayanta. "To sarkin sani, na kai ƙara, kuma an kama su. Sai ka nemi wani abin gorin." Ta katse kiran.

Washegari da hantsi ta hau benen da ƙarfinta, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta sauko tana huci, ta tsaya kan mai shagon kayan wuta.

"Malam, ƙarfe nawa ma'aikatan gwamnatin nan suke ganin damar buɗe ofis?"

Ya dube ta, ya ajiye ƙwan fitilar da ke hannunsa.

"Wace gwamnati, baiwar Allah? Ɗakina ne, kwana biyu suka kama haya, jiya da la'asar suka maido min makulli."