Gurasar da Aka Kife

Wani baƙo ya shigo shagon shayina, ya kife gurasa a kan tebur. A nan birninmu Tashkent ko yaro ƙarami ya san ba a kife gurasa.

Baƙon ya matso ya raɗa mini: "Inna Oynisa, Amurka ce ta turo ni. Ki ɓoye ni."

Can a kusurwa, Kyaftin Sobirov, jami'in leƙen asirin Mosko da na shekara tara ina kai wa rahoto, yana hura shayinsa kamar bai ga komai ba.

Na ci kwalar baƙon, na zabga masa mari. "Ɗan iska! Gidanku haka ake wulaƙanta abinci? Kyaftin, zo ga ɗan leƙen asiri!"

Sobirov ya taso yana dariya. "Sake shi, Inna, mutumina ne. An ce kina cin amanarmu, shi ne na gwada ki."

"Gwaji? Da furfurata? Ku fice mini daga shago!"

Suka fita sumui-sumui. Na juya gurasar, na sumbace ta.

Sakarkaru. 'Yan leƙen asirin Amurka na gaske ba sa kife gurasa. Tun shekara tara da suka wuce, da na fara yi musu aiki, na koya musu.